Gwiwar Baba da Kwalbar Man Zafi

Ku da kuke ta rubuto min a ƙasan shafi kuna cewa, "Auta, daina kewaye-kewaye, faɗa mana abin da kika yi wa mahaifinki," to ku gyara zama, yau zan faɗa. Wanda bai san ni ba kuma, ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ban yi aure ba. Gwaggo, yayar Baba, tana faɗin waɗannan abubuwa uku a numfashi ɗaya kamar sunan wata cuta.

Baba mai katifa ne. Ba ta soso ba, kada ma ya ji kun ambaci soso. Cewa yake iska aka hura a cikin roba aka sayar wa mutane, kuma duk ciwon bayan da ake fama da shi a zamanin nan daga nan ya samo asali. Tasa ta auduga ce. Shi ke shiɓa, shi ke cusawa, ni kuma ina ɗinka rigunan katifun a kan keke, a ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Kafin a cusa auduga dole a baza ta a rana ta sha zafi. In ruwa ya taɓa ta, shi ke nan, sai ta dunƙule ta yi wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Saboda haka a gidanmu babu tambayar da ta kai "yau za a yi ruwa?" nauyi.

Amsar kuma tana cikin gwiwar Baba ta hagu.

Tun kafin a haife ni ya faɗo daga tsani, gwiwar ta warke amma ta riƙe abin a ranta. In ruwa zai sauka sai ta motsa. Da can, tsakani da Allah, takan dace yau ta kuskure gobe. Amma shekara biyun nan ta zama abin kwatance a layinmu. Mai aski da ke ƙofar gidanmu ba ya shanya tawul sai ya leƙo ya ce, "Maigida, me gwiwa ta ce?" Mata kan aiko tambaya kafin su jiƙa wanki. Har wani mai gini ya taɓa ɗage zuba kankare saboda ita.

To ga laifina. Gwiwar nan, ni ce.

Wato ba ni ba, shi. Wanda gidanmu suka sa wa suna Mai Gajimare. A ma'aikatar hasashen yanayi yake aiki, can bayan filin jirgi. Dogo ne, siriri, aljihun rigarsa kullum da biro biyu da ɗan ƙaramin littafi, kuma in yana tafiya sama yake kallo, shi ya sa duk takalmansa sun daku a baki. Filo ya zo saya ranar da na fara ganinsa. Yana miƙa hannu zai karɓa ya dubi audugar da ke baje, ya dubi sama, ya ce, "Da ni ne, da na kwashe kafin ƙarfe huɗu." Na yi masa dariya, don rana ce tarwai. Ƙarfe huɗu da kwata muna gudu da buhuna a ka.

Kun san aikinsa? Kullum da sassafe sai ya hura wata farar balan-balan mai girman akuya, ya ɗaura mata ɗan akwati, ya sake ta. Tana hawa tana aiko masa labarin sanyi da iska har ta ɓace. Ya ce ya saki fiye da dubu biyu, bai taɓa ganin inda ko ɗaya ta faɗi ba. Ni dai in ina taka keke nakan yi tunanin wani fili a bayan duniya inda duk suka taru, farare, sun kwanta kamar audugar Baba, wani makiyayi yana tsaye yana mamakin wa ke aiko masa da su.

Saƙonninsa kuwa, kada ku sa ran "rabin raina" ko "hasken idona". Ga irinsu:

"Barka da asuba. Ruwa bayan la'asar, kashi tamanin. Ki kula da kanki da audugar."

Na taɓa ƙosawa na rubuta masa, "Wai kana sona kuwa?" Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Minti goma. Sannan:

"Kashi casa'in da biyar."

"Biyar ɗin fa?"

"Na ranar da ban gani ba tukuna. Duk wanda ya ce miki ɗari bisa ɗari a kan gobe, ki nemi laima."

Ku faɗa min, da wane baki zan ce wa Baba, "Saurayina ya ce a kwashe auduga"? Sai na samo dabara. Akwai wata koriyar kwalbar man zafi da Baba ke shafa wa gwiwar, tana zaune a cikin kabad. Duk safiyar da saƙo ya ce ruwa, sai in fito da ita in ajiye a kan taga, kusa da kofin shayinsa, in wuce abina. Baba zai zauna, ya kurɓi shayi, idonsa ya sauka a kan kwalbar. Can sai ka ga ya miƙe ƙafa, ya yatsine fuska. "Kai! Yau akwai ruwa. Kada a baza komai." Ranar da babu, kwalba na kabad, gwiwa lafiya lau.

Shekara biyu muna haka, ni da kwalba, babu wanda ya ji kanmu.

Ranar Litinin da ta wuce Mai Gajimare ya zo gaida Baba a karon farko. Ya sa farar riga mai dogon hannu wadda ta sha guga har tana iya tsayawa ita kaɗai. Ni kuma na canza ɗankwali sau uku don kawai in kai ruwan sha in fito. Na tsaya a bayan labulen falo, mai zanen ganye, wanda ya san sirrin gidanmu fiye da kowa. Gwaggo ta zo tun da hantsi ba tare da an gayyace ta ba, ta zauna a kujerar da ta fi kowacce laushi, jakarta a cinya.

"Samari, me kake yi?" in ji Baba.

"Hasashen yanayi, Baba."

"Wato?"

"Muna auna iska da zafi da danshi, mu faɗi abin da ake sa ran zai faru."

Gwaggo ta gyara mayafi. "In an tashi da yamma, me kake nunawa ka ce ga abin da na yi yau?"

"Lambobi ne, Gwaggo."

"Lambobi." Ta juya ga Baba. "Ka ji ko? Ni a sanina aiki shi ne abin da za ka ɗaga da hannu. Kai ka ɗaga katifa. Tela ya ɗaga riga. Ɗan ƙawata mai shagon wayoyi, wanda nake ta yi wa yarinyar nan magana a kansa, ko ba komai in ka shiga ka ga kaya a jere. Wannan kuwa gwamnati ta ajiye shi yana kallon sama. Mu da muke kallonta kyauta ashe asara muke yi."

Mai aski, da ya shigo wai aron tsintsiya, ya ce, "Ai su ne suka kori ruwan ma. Tun da aka kakkafa ƙarafan wayar nan hadari ke tsoron sauka."

Mai Gajimare ya buɗe baki zai yi bayani, na yi addu'a a bayan labule, Allah Ya amsa, ya rufe.

Baba ya ce, "Bar su. Ni tambayata ɗaya ce. Ranar Alhamis zan baza audugar katifa arba'in, ta ɗakin kwanan wata makaranta. Za a yi ruwa, ko ba za a yi ba?"

Ya ciro littafinsa. "Kashi saba'in za a yi, Baba."

"Ban tambaye ka kashi ba. E, ko a'a?"

"Saba'in ɗin dai, Baba."

Baba ya yi murmushin da yake yi wa mai neman ragi. "Mutumin da ba ya iya cewa e ko a'a a kan ruwa, ranar da 'yata za ta tambaye shi abin da ya fi ruwa fa? To shi ke nan. Na ɗauki saba'in ɗinka a matsayin e. Ranar Alhamis da safe gwiwata za ta faɗi nata. In kai ka dace ita ta kuskure, ka turo manyanka. In ita ta dace, ka bar min 'yata, ka je ka ci gaba da sakin balan-balan."

Mai aski ya fita da labarin, ya manta tsintsiyar.

Yanzu ku auna halin da na shiga. In na fito da kwalba, gwiwa za ta ce ruwa, shi ma ya ce ruwa, Baba ya ce ai kwaikwayonsa aka yi, magana ta koma farko. In na bar ta a kabad, gwiwa za ta ce babu, a baza audugar katifa arba'in, ruwa ya sauka a kanta. In samu miji, Baba ya rasa aikin wata biyu da sunan da ya yi shekara talatin yana tarawa.

Ranar Laraba da yamma na rubuta masa komai, har da kwalbar, wadda shi ma bai taɓa sanin da ita ba. Can sai ga amsarsa:

"Wato shekara biyu da kaina nake gasa?"

"Kada ka yi min wasa. Me zan yi?"

"Ki fito da ita. Audugar ba ta yi mana laifi ba."

"In na fito da ita ka rasa ni."

"Ba lallai ba. Kashi sittin."

Na kife wayar a kan keke. Wallahi da yana kusa da na jefe shi da almakashi.

Alhamis ta waye da rana mai kyau, irin wadda ke sa mutum ya yarda da kowace ƙarya. Saƙo ya shigo: "Har yanzu saba'in. Bayan azahar." Na buɗe kabad, na dubi kwalbar, ta dube ni. Na rufe.

Baba ya zauna da shayinsa. Ya kurɓa. Ya dubi taga. Ya sake kurɓa, ya sake duban taga, sannan ya dube ni, dogon kallo, har na fara gyara zaren da ba ya bukatar gyara.

"Maigida, me gwiwa ta ce?" Mai aski ne daga ƙofa, da mutum huɗu a bayansa.

Baba ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta. "Shiru take. Babu ruwa. A baza."

Muka baza. Tsakar gida, saman rufi, har gefen layi a kan tabarmi. Ko'ina ya yi fari fat, ƙananan zaruruwa suna yawo a cikin hasken rana suna sauka a girar mutane. Umma ta fito ta tsaya da hannu a ƙugu, ta dubi audugar, ta dube ni. Umma ba ta faɗa da baki, da shiru take yi, kuma shirunta ya fi zagin Gwaggo zafi.

Na koma keke. Na ɗinka rigar katifa guda, na rufe ta ta ko'ina, babu ta inda za a cusa auduga. Na farke. Ƙarfe goma sha ɗaya iska ta tsaya cak. Sha biyu zafi ya yi nauyi, kamar an ɗora wa gari bargo. Ta taga ina hango Baba yana bin audugar yana juya ta da sanda, yana ɗingishi, gashin kansa da ita ba ka bambancewa. Ya tsugunna ya cire wani ɗan tsinke daga ciki, ya hure wurin da bakinsa, kamar mai hure wa jariri ido.

Daidai kiran azahar na ga wani baƙi-baƙi ya leƙo daga gabas.

'Yan uwa, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Ban yi wani tunani mai zurfi ba. Ƙafafuna ne kawai suka kai ni kabad. Na ɗauko kwalbar, na ajiye a kan taga da ƙarfi har ta yi ƙara, na koma ciki ina goge ido da ƙyallen katifa.

Ba a yi minti biyu ba na ji, "Wash! Gwiwata! Ku kwashe! Ku kwashe, ruwa na zuwa!"

Layinmu bai taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Umma da zani a ɗamare, Mai aski da wani da aka aske wa rabin kai, har Gwaggo, da ta zo ganin faɗuwar Mai Gajimare, sai ga ta da buhu a ka tana cewa a yi a hankali da mayafinta. Iska ta taso, ƙofofi suna bugawa, sama ta yi baƙi ƙirin, aka yi tsawa ɗaya da ta sa kajin maƙwabta suka shige ƙarƙashin mota. A cikin wannan hargitsi ya iso a kan babur, da ƙaton tamfol ɗaure a baya da laima a hammata. Bai gaida kowa ba, ya tuɓe takalmi ya hau rufi. Farar rigar nan ta koma abin tausayi.

Buhu na ƙarshe yana shiga ɗaki, muka tsaya a baranda muna haki, muna jiran ruwa.

Ɗigo uku suka faɗo. Na ƙirga su. Ɗaya a kan tamfol, ɗaya a kan babur, ɗaya a goshin Gwaggo. Daga nan hadarin ya tattara kayansa ya yi yamma, kamar baƙon da ya gane ba gidan da yake nema ba ne. Rana ta fito tana wanke ido.

Mai aski ne ya fara dariya. "To fa! Da safe gwiwa ta ce babu, da rana ta ce akwai. Da ta yi shiru da ta ci! Yau dai gwiwa da na'ura sun faɗi a rami ɗaya."

Mutane suka watse suna maimaitawa. Gwaggo ta karkaɗe mayafi ta ce ita dai shagon wayoyi ba ya jiƙewa, ba ya bushewa, ta tafi. Baba ya zauna a kan buhu, bai ɗaga kai ba. Ban taɓa ganin an yi masa dariya a layinmu ba. Mai Gajimare ya tsaya a gefe da laimarsa a naɗe, auduga a gashinsa, ya tsufa da shekara arba'in a yini ɗaya.

Can Baba ya ce, "Samari. Haka suke yi maka?"

"Kusan kowane mako, Baba."

"Kai kuma me kake ce musu?"

"Ba na cewa komai. Na ce saba'in. Yau talatin ɗin ce ta zo."

Baba ya ɗago a hankali. "Talatin ɗin."

"E, Baba. Ita ma tana da ranarta."

"Wato ba ka yi ƙarya ba."

"A'a."

"Kuma ba a yi ruwa ba."

"Ba a yi ba."

Baba ya juya abin a ransa, kamar yadda yake juya auduga. Sai ya bugi cinyarsa. "Shekara talatin! Shekara talatin ina cewa e ko a'a, ina kwana da fargaba, babu wanda ya gaya min akwai wata talatin da mutum zai ajiye a gefe! Zauna, ɗana. Kawo littafin nan in gani. Auta, shayi!"

Har rana ta yi sanyi suna kan buhuna. Ina jin Baba yana tambaya ko balan-balan ɗin tana jin tsoro in ta yi nisa, shi kuma yana amsawa da gaske. Da zai tafi, Baba ya ce masa tun da babu wanda ya ci, babu wanda ya faɗi, ya turo manyansa su zo a ga kashi nawa ne.

Na zo kwashe kofuna. Na miƙa hannu zan ɗauke kwalbar daga taga.

"Bar ta nan," in ji Baba, bai ko dube ni ba. "Yau kin makara da ita."

Kofi ya kusa suɓuce min.

"Uwarki ta yi shekara ashirin tana fito min da ita in ta saurari rediyo, ba ta taɓa makara ba, sai dai rediyon ya yi ƙarya. Da kika karɓa na ga abin ya gyaru, na ce to, yarinyar nan ta samo wanda ya fi rediyo." Ya shafa gwiwar. "So na yi in ga ko za ki bar audugata ta jiƙe saboda shi. Kin kai azahar. Wanda ya sa 'yata ta kai azahar ba ƙaramin mutum ba ne. Wadda ta kasa wuce azahar kuma, tawa ce."

Daga ɗakin girki na ji Umma ta yi tari, irin wanda ba na mura ba.

Na shige ɗakin keke na rufe ƙofa, na zauna a kan rigar katifar da na farke. Na yi kuka kaɗan, na yi dariya kaɗan, na ɗauko waya na rubuta masa: "Baba ya yarda. Yanzu saura kai. Kada ka duba littafi. Ni da kai, har tsufa, kashi nawa?"

Wannan karon bai goge komai ba. Ko numfashi ban gama ja ba amsa ta shigo.

"Ɗari bisa ɗari."

Na karanta sau uku, zuciyata tana tsalle kamar balan-balan ɗinsa. A na huɗu ne idona ya sauka a bayan ƙofa. Garin sauri ya tafi ya bar laimarsa, an shigo da ita nan, tana jingine a bango, bakinta yana kallona.